Farashi Ya Sauya, Jimilla Ta Ƙi Motsi

Akwai wata illa da ke hana masu rubuta manhajar kwamfuta barci, wadda mai karatu ya yiwu ya taɓa gani a wani kanti ba tare da ya san musabbabinta ba: akawu ya gyara farashin buhun shinkafa, ya tabbatar da idonsa cewa ya buga sabon adadi, amma jimillar da ke ƙasan allo ta tsaya cik a kan tsohon lissafi, alhali kuwa can cikin na'urar an riga an yi gyaran.

Asalin al'amarin, a shekarar 2006 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin WPF na gina fuskar manhajojin Windows, wanda a cikinsa ake ɗaure kowane akwati na kan allo da bayanin da yake nunawa, domin a hutar da mai rubutu daga kwaso adadi da hannu. Sai dai ɗaurin nan yana da sharaɗi, shi ne allo ba ya leƙa bayani ya ga ko ya sauya, zaune yake yana jiran a yi masa shela. Wajibi ne duk abin da ya sauya ya sanar da kansa, ya kuma ambaci sunansa, ta hanyar da ake kira INotifyPropertyChanged. To, galibi mai rubutu yakan tuna ya yi wa farashi shela, ya manta cewa jimilla daga farashin aka haife ta, ita ma tana da hakkin a kira sunanta.

Abin da ya fi ba ni haushi a sha'anin nan shi ne shirunsa. Idan aka yi kuskuren harafi guda wajen rubuta sunan abin da aka ɗaure, manhaja ba ta faɗuwa, ba ta ƙorafi, sai dai akwati ya zauna fayau. Ƙorafin yana can an rubuta shi a wata taga mai suna Output ta Visual Studio, wato manhajar da ake rubutun a cikinta, tagar da sabon shiga bai cika dubawa ba. Saboda haka gwani yakan bi lamarin kamar yadda malamin hadisi ke bin isnadi, yana tambaya wa ya karɓa daga wa, har ya kai ga inda silsila ta yanke. Harshen C#, wanda ake rubuta irin waɗannan manhajoji da shi, ya sauƙaƙa wani sashe na wannan wahala a 2015, da ya kawo kalmar nameof mai kama kuskuren suna a wajen shela tun kafin manhaja ta tashi.

Jerin kaya kuma nasa hukuncin daban. Jeri na yau da kullum ba ya shela in an ƙara masa abu, sai wanda ake kira ObservableCollection, shi ma ƙari da ragi yake faɗa, ba ruwansa da gyaran da aka yi a cikin kayan da kansu.

Saura guda, mai ban mamaki. Akwatin rubutu, bisa al'adarsa, ba ya miƙa abin da aka buga sai an bar shi an koma wani akwati. Akawu ya buga sabon farashi, ya danna maɓallin ajiya da ke jere a saman taga, wanda ba ya ɗauke hankalin na'ura daga akwatin, sai a ajiye tsohon farashi, sabon kuwa ga shi nan a gabansa yana kallo. Maganinsa a umarci ɗaurin ya riƙa miƙa kowane harafi da zarar an buga shi.