CHINUA ACHEBE: Ɗan Malamin Mishan Da Ya Ba Duniya Labarin Mutanensa

A ranar 17 ga watan Yuni na shekarar 1958 ne kamfanin buga littattafai na Heinemann da ke birnin Landan ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafin ƙagaggen labari mai suna Things Fall Apart. Kwafe 2,000 kacal aka buga, domin masu kamfanin ba su da tabbacin za a sami masu sayen labarin da wani saurayi ɗan Nijeriya, ma'aikacin gidan rediyo, ya rubuta game da ƙauyen kakanninsa. Yau an fassara littafin nan cikin harsuna fiye da 50, an sayar da miliyoyin kwafensa, kuma da wuya a sami ɗalibin adabi a Afirka wanda bai karanta shi ba. Marubucinsa, Farfesa Chinua Achebe, ya rasu a shekarar 2013, bayan ya bar littattafan ƙagaggun labarai guda 5, da waƙoƙi, da maƙalu masu yawa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Achebe ranar 16 ga watan Nuwamba, 1930, ya kuma tashi a garin Ogidi kusa da Anaca, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Mahaifinsa, Isaiah Okafor Achebe, malamin mishan ne na cocin C.M.S., yana kuwa daga cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a wannan yanki. Amma da yawa daga cikin dangin gidan suna nan a kan addininsu na gargajiya. Saboda haka yaron ya tashi yana jin wa'azin coci a gida, a maƙwabta kuwa yana ganin bukukuwan dodanni, yana sauraron tatsuniyoyi da karin maganar dattawan Ibo. Daga wannan zama tsakanin al'adu biyu ne ya ɗebo yawancin abin da ya rubuta daga baya.

Ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia a shekarar 1944. A shekarar 1948 ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na Kwalejin Jami'a ta Badun, inda aka ba shi sukolashif don ya koyi aikin likita. Bayan shekara guda sai ya bar likitanci ya koma karatun Turanci da tarihi da ilmin addini. Wannan sauyi ya jawo masa asarar sukolashif ɗin, sai da 'yan'uwa suka taimaka sa'an nan ya iya kammalawa a shekarar 1953.

A Badun ɗin ne aka sa su karanta wani littafi mai suna Mister Johnson, wanda Joyce Cary ya rubuta. Shi Cary Bature ne da ya yi aikin mulki a Nijeriya ta Arewa, kuma a Arewa ya kafa labarin nasa, inda ya nuna wani baƙin akawu a matsayin dolo abin dariya. Turawa sun yi ta yabon littafin, amma Achebe da abokan karatunsa ba su ga kamannin wani mutumin ƙasarsu a cikinsa ba. Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tun daga lokacin ya ƙudura a ransa cewa shi ma zai ba da labarin, amma daga cikin gida.

LITTAFIN DA YA KUSA ƁATA

A shekarar 1954 ya kama aiki a gidan rediyon Nijeriya a Ikko, a sashen tsara jawabai. Da rana yana ofis, da dare yana rubutu. Da ya gama, sai ya ɗauki kwafe ɗaya tak da yake da shi, rubutun hannu, ya aika wa wani kamfanin masu buga tafireta a Landan tare da fam 22 na lada. Watanni suka shige shiru. Sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta tafi hutu Ingila, ta je ofishin da kanta ta yi musu tsiya, sa'an nan suka buga suka aiko masa.

Labarin kuwa na wani ɗan kokawa ne manomin doya, Okonkwo na garin Umuofia, wanda ya tashi yana jin kunyar mahaifinsa, rago mai yawan cin bashi. Tsoron kada a ce ya gaji ubansa ya sa ya zama mai zafin hali, har ya sa hannu a kisan wani yaro, Ikemefuna, da ya girma a gidansa yana kiransa uba. Daga baya bindigarsa ta kashe wani bisa kuskure, aka kore shi daga gari har shekara 7. Kafin ya komo, 'yan mishan da Turawan mulki sun kafu, ɗansa na fari ma ya bi su. Ya sare masinjan kotu yana zaton jama'a za su tashi tare da shi, ba wanda ya motsa, sai ya je ya rataye kansa. Labarin ya ƙare da Baturen D.O. yana tunanin 'yan layukan da zai ba wannan mutum a cikin littafin da yake shirin rubutawa.

Abin da ya sa littafin ya karɓu shi ne Achebe bai ɓoye aibin mutanensa ba. Ya nuna yadda ake jefar da tagwaye a daji, ya nuna wulaƙancin da ake yi wa wasu jinsin mutane, ya kuma nuna cewa irin waɗannan ne suka fara rungumar sabon addini. Amma tare da haka ya nuna al'umma mai shari'arta, da hukuncinta, da ladabinta, da fasahar zancenta, tun kafin Bature ya sa ƙafa.

MA'AIKACIN GWAMNATI DA CIN HANCI

Littafinsa na biyu, No Longer at Ease, ya fito a shekarar 1960, shekarar samun mulkin kai, kuma ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Obi, jikan Okonkwo, ƙungiyar mutanen garinsu ce ta ranta masa fam 800 ya tafi karatu Ingila. Ya komo ya sami babban muƙami a hukumar ba da sukolashif a Ikko, yana mai tsananin ƙin cin hanci. To, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ga biyan rance, ga kuɗin mota, ga haraji, ga rashin lafiyar uwa, ga 'yan'uwa na jiran nasu rabo. A hankali ya fara karɓa, har aka kama shi a kan fam 20. Achebe bai wanke Obi ba, amma ya bi sawun faɗuwarsa taki-taki yadda mai karatu zai ga inda ƙafa ta fara zamewa.

A shekarar 1964 ya fitar da Arrow of God, labarin wani babban limamin gargajiya, Ezeulu, wanda Turawa suka so su naɗa sarkin dole, domin su kwaikwayi tsarin mulki ta hannun sarakuna da suka tarar ya yi musu aiki a Arewa. Ƙasar Ibo kuwa galibi ba ta saba da irin wannan sarauta ba. Masana da yawa suna ganin wannan ne littafinsa mafi zurfi.

A wannan tsakani ya zama Darektan watsa labarai zuwa ƙasashen waje a shekarar 1961, ya kuma taimaka wajen kafa Muryar Nijeriya. Daga shekarar 1962 zuwa 1972 shi ne editan jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. Ta hannunsa littattafai kamar 100 suka bi, ciki har da Burning Grass na Cyprian Ekwensi, labarin Fulani makiyaya, da littafin farko na Ngugi na ƙasar Kenya, da na Flora Nwapa.

GARDAMA A KAN HARSHE

Wasu masana, irin su Obi Wali a shekarar 1963, sun ce adabin Afirka na gaskiya sai cikin harsunan Afirka. Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan batu, tun da gasar da aka shirya a Zariya a shekarar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk cikin Hausa. Amsar Achebe ita ce a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, Turanci ne kaɗai zai kai saƙonsa kowane lardi, amma wajibi ne marubuci ya tanƙwara Turancin har ya ɗauki karin magana da salon zancen mutanensa. Duk da haka bai yar da harshen Ibo ba, ya yi waƙoƙi a cikinsa.

JUYIN MULKI, YAƘI DA WAƘA

A watan Janairu na shekarar 1966 littafinsa na huɗu, A Man of the People, ya fito. Labarin wani minista ne maci amana, kuma ya ƙare da sojoji sun ƙwace mulki. A cikin watan nan ne aka yi juyin mulkin ranar 15 ga Janairu, wanda aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Cif Akintola, da wasu manyan hafsoshi. Wasu sojoji suka yi zaton Achebe yana da masaniya. Bayan juyin mulki na biyu a watan Yuli, da kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo da aka yi a garuruwan Arewa, sojoji suka zo nemansa a Ikko. Ya sa iyalinsa a jirgin ruwa zuwa Fatakwal, shi ma ya bi su Gabas.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar 1967, Achebe ya tsaya a ɓangaren Biyafara, ya zaga ƙasashen Turai da Amurka yana magana da yawunta. Bom ya faɗa gidansa a Inugu. Amininsa, mawaƙi Christopher Okigbo, wanda suka kafa kamfanin buga littattafai tare, ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a wannan shekara.

A irin wannan hali na gudun hijira ba shi da natsuwar dogon labari, sai ya koma ga gajerun waƙoƙi. An tara su a littafin Beware, Soul Brother na shekarar 1971, wanda ya ci kyautar waƙa ta ƙasashe renon Ingila a shekarar 1972. Wadda aka fi sani a ciki tana siffanta wata uwa a sansanin 'yan gudun hijira tana taje gashin ɗanta da yunwa ta riga ta gama da shi. Ya kuma yi wa Okigbo waƙar makoki cikin harshen Ibo.

Bayan yaƙi ya kama aiki a Jami'ar Nsukka, ya kafa mujallar adabi ta Okike a shekarar 1971. A shekarar 1975, a wata lacca a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya zargi shahararren marubuci Joseph Conrad da wariyar launin fata a littafinsa Heart of Darkness, maganar da ta tayar da ƙura a jami'o'in Turawa. A shekarar 1979 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa ta masana, a shekarar 1981 kuma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya.

SHI DA MALAM AMINU KANO

A Jamhuriya ta Biyu Achebe ya shiga jam'iyyar P.R.P. ta Malam Aminu Kano, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba na ƙasa a shekarar 1983. A wannan shekara ya fitar da ɗan littafin nan The Trouble with Nigeria, inda ya ɗora alhakin halin da ƙasa ke ciki a kan shugabanni, ya ce ba ƙasar ce ke da laifi ba, ba kuma halittar mutanenta ba. Babin ƙarshe na littafin ya keɓe shi ga Malam Aminu, wanda ya rasu a watan Afrilu na shekarar, a matsayin misalin shugaba mai gudun duniya wanda ya shiga siyasa domin talakawa. Bayan zaɓen 1983 ya janye daga siyasar jam'iyya.

Sai a shekarar 1987, bayan shekara 21, ya sake fitar da dogon labari, Anthills of the Savannah, a kan mulkin soja, wanda ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker ta Ingila.

ƘARSHEN RAYUWA

A watan Maris na shekarar 1990 ya yi mummunan haɗarin mota a kan hanyarsa ta zuwa Ikko, ƙafafunsa suka shanye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Ya koma Amurka inda ya koyar a Kwalejin Bard, daga shekarar 2009 kuma a Jami'ar Brown. Ya sami kyautar zaman lafiya ta masu sayar da littattafai na Jamus a shekarar 2002, da babbar kyautar Man Booker ta duniya a shekarar 2007.

Amma lambar girma ta C.F.R. da gwamnatin Nijeriya ta miƙa masa, sau biyu yana mayar da ita. A shekarar 2004 ya rubuta wa Shugaba Obasanjo cewa ba zai karɓa ba saboda rikicin da ake yi a jiharsa ta Anambra da lalacewar al'amuran ƙasa. A shekarar 2011, zamanin Shugaba Jonathan, ya ce dalilan ba su kau ba.

Littafinsa na ƙarshe, There Was a Country, na shekarar 2012, tarihin yaƙin basasa ne yadda ya gan shi. Ya jawo zazzafar muhawara, musamman a kan zargin da ya yi wa Cif Awolowo game da yunwar da ta hallaka jama'a a Biyafara. Wasu sun ce ya faɗi abin da aka daɗe ana binnewa, wasu kuma sun ce ya dubi tarihin ta ido ɗaya.

Achebe ya rasu a birnin Boston ranar 21 ga watan Maris, 2013, yana da shekara 82. An binne shi a Ogidi a watan Mayu, Shugaba Jonathan da Shugaba John Mahama na Ghana suka halarta. Ya bar matarsa Christie, wadda ya aura a shekarar 1961, da 'ya'ya 4.