Farautar Tsofaffin Alƙaluma A Kasuwannin Ƙauyukan Faransa

A ƙasar Faransa, daga farkon bazara har zuwa kaka, da wuya Lahadi ta zo ta wuce ba a ci kasuwar tsofaffin kaya a wani ƙauye ba. Faransawa suna kiranta "vide-grenier", wato share rumbu. Magidanta ne kan fito da komatsan da suka gada, su baza a dandali ko a bakin coci. Doka ta yarda wa wanda ba ɗan kasuwa ba ya baje koli sau 2 kacal a shekara, kuma kayan kansa kaɗai zai sayar.

Cikin masu sammako zuwa waɗannan kasuwanni akwai waɗansu mutane da ba ruwansu da tangaram ko agogo. Abin da ya kawo su shi ne tsohon alƙalami mai shan tawada. Tun da duhu-duhu sukan iso da tocila da gilashin ƙara girma, domin in wani ya yi sammako, wani a hanya ya kwana.

Dalilin da ya sa ake samun alƙaluman nan a yashe ba ɓoyayye ba ne. A 1884 ne Lewis Waterman ya yi rajistar dabarar da ke sa tawada ta gangaro baki a hankali. George Parker ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1888, Sheaffer ya fito da ƙarfen zuƙar tawada a 1908, sa'an nan Pelikan na Jamus ya kawo mai murɗawa a 1929. A zamanin nan duk malami ko likita yana da nasa a aljihu. Amma László Bíró, wanda sunansa ya bi biro har cikin Hausa, ya yi rajistar nasa a 1938. Da Bic ya shiga kasuwa a 1950, kuma aka halatta biro a makarantun Faransa a 1965, sai aka jefa tsofaffin cikin akwati aka manta.

Farauta kuwa sai da sani. Gwani yakan fara duba bakin alƙalami. In ya ga 750 ko 18, zinari ne mai karat 18. In 585 ko 14 ne, mai karat 14. Daga nan sai ya duba ko ɗan ƙwayar da ke tsinin yana nan, domin in ya fita, alƙalamin sai ya riƙa kartar takarda. Yakan kuma bi bakin murfi da farce, neman tsaga. Sau da yawa murfin na wani ne, gangar jikin ta wani, aka haɗa aka kai kasuwa. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Wanda ya tsinci dami a kala, ya sami Duofold na Parker irin na 1921 ko Parker 51 na 1941, to, aiki bai ƙare ba. Jakar roba da ke riƙe tawada takan bushe ta farfashe, sai an sake sabuwa. Tsohuwar baƙar roba ba ta son rana ko jiƙo, nan da nan takan koɗe. Ruwan zafi da garaje sun kashe alƙaluma masu yawa a hannun masu ɗoki.

Babban abin da ke damun masu wannan sha'awa shi ne tsadar zinari. Akwai dillalan da kan sayi alƙalami don bakinsa kawai, su cire su narkar, su yar da sauran. Wanda aka yi wa haka ya tafi ke nan, domin ba a ƙera irinsa yanzu. Bugu da ƙari, intanet ya buɗe wa masu sayarwa ido, har ɗan ƙauye yakan duba farashi a wayarsa kafin ya sallama.

Duk da haka mafarautan ba su fasa ba. A ganinsu, alƙalamin da ya shekara 80, aka gyara shi ya koma rubuta wasiƙa, ya isa shaida cewa da tsohuwar zuma ake magani.