Me ya sa ƙwaƙwalwar wata Corolla ba ta yi wa wata?

Corolla biyu, shekara ɗaya, inji iri ɗaya, amma ka ciro ƙwaƙwalwar wannan ka sa wa waccan, sai ta kama fizga da shan mai. Lissafin da aka zuba musu ne ya bambanta. Ta Turai an saita ta kan fetur mai lamba 95, ta Amurka kuwa 87 a ma'auninsu, wajen 91 ke nan a na Turai. Ka ga lokacin da fulogi zai ba da wuta ba zai zo ɗaya ba. Ga dokar hayaƙi, ga giya, otomatik daban, manuwal daban. To in ka je Ƙofar Ruwa saye, duba lambar da ke jikin akwatin, kar a ce maka "ai soket ya shiga".