Yini Ɗaya A Gindin Dutsen Fuji

A ƙarshen watan Oktoban 2024 wani kwas na mako biyu ya kai ni birnin Tokyo na ƙasar Japan, kuma cikin kwanakin nan duka rana ɗaya tak aka bar mana ta hutu. Ni da wani abokin zamana, Bahaushen Kumasi ta ƙasar Ghana, muka yi shawarar kada mu ɓata ta a kasuwa. Muka yanki tikitin ɗaya daga cikin motocin safa da ke kwasar 'yan yawon buɗe ido da safe, su kai su ganin Dutsen Fuji da tafkunan da ke gindinsa, su dawo da su da daddare. A jikin takardar tallar akwai hoton da duk duniya ta sani: dutse tsaye shi kaɗai, kansa fari fat da dusar ƙanƙara, ga inuwarsa kwance a kan ruwa. A can ƙasan takardar kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa ba a mayar da kuɗi idan yanayi ya hana ganin dutsen. Na karanta wannan layi, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Mun tashi daga unguwar Shinjuku da ƙarfe takwas daidai, kuma in na ce daidai ina nufin daidai, domin wasu mutum biyu da suka makara da 'yan mintoci sai dai su ji labari. Jagorarmu wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, riƙe da ƙaramar tuta a sanda, ga takardar sunaye da ba ta rabuwa da ita. Abin da ta fara gyara mana shi ne suna. Ta ce su Fuji-san suke cewa, kuma wannan "san" ɗin ba shi ne na girmamawa da ake liƙa wa sunan mutum ba, ma'anarsa dutse kawai. Daga nan ta ce mana, cikin murmushin da na gane daga baya na ban haƙuri ne, dutsen nan mai kunya ne, yakan yini a ɓoye, musamman da bazara da lokacin ruwa, kuma an fi samun ganinsa sarai a tsakiyar hunturu.

Tsakanin Tokyo da dutsen kimanin kilomita 100 ne. Bayan tafiyar sa'o'i biyu da ɗoriya muka kama wata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe ta kusan kilomita 30, wadda ke hawa cikin kurmi har zuwa inda ake kira Zango na Biyar, wato iyakar inda mota ke kaiwa, a tsayin mita 2,300 ko sama da haka kaɗan. Ƙololuwar dutsen kuwa mita 3,776 ce, babu tsaunin da ya kai shi a Japan. To, mai karatu, a nan ne na fara tuna ƙananan baƙaƙen nan. Mun sauko daga mota muka tarar da hazo fari kamar auduga, ba ka ganin abin da ya wuce taku ashirin. Ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga shagunan tsaraba cike da jama'a. Muna tsaye a jikin dutsen, ƙafafunmu a kan baƙar tsakuwarsa, amma ba mu gan shi ba. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, mun zo gidan sarki mun tarar yana barci." Minti arba'in aka ba mu, muka cinye su muna ɗumama hannu da kofin shayi.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Amma a kan hanyar saukowa ce jagorar ta fara cin kuɗinta da halal. Ta ce mu daina kallon sama, mu kalli ƙasa. Duk abin da ke kewaye da mu, in ji ta, dutsen ne ya yi shi, domin Fuji dutse ne mai aman wuta, kuma masana ba su sa shi cikin matattu ba. Rabonsa da yin amai tun watan Disambar 1707, kwana 49 bayan wata gagarumar girgizar ƙasa, inda ya yi kusan mako biyu yana feso toka har ta rufe titunan Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau. A shekarar 2020 wani kwamitin masana na gwamnatin ƙasar ya yi gargaɗin cewa irin wannan amai, in ya sake faruwa, tokarsa za ta iya tsayar da jiragen ƙasa na Tokyo cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya ga yadda rayuwar birnin nan ta rataya a kan jirgin ƙasa zai fahimci nauyin wannan magana. Sai na ji hoton da ke jikin takardar talla ya sauya mini kama.

Zangonmu na biyu shi ne ƙauyen Oshino, inda ake da maɓuɓɓugai takwas da ake kira Oshino Hakkai. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙarar da ke sauka a kan dutsen suna nutsewa cikin ƙasa, su yi shekaru suna tacewa ta cikin ƙofofin sandararren dutse, sannan su ɓullo a nan garai-garai, har kana hango kifi da ciyawar da ke can ƙasan ruwan kamar babu komai a tsakaninku. A da masu zuwa ibada kan dutsen a waɗannan ruwaye suke tsarkake jikinsu kafin su fara hawa. Wannan tarihi na ibada da na zane-zane shi ne dalilin da hukumar UNESCO ta sa Fuji cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013, kuma a rukunin al'adu ta sa shi, ba a rukunin halittu ba. Har zuwa 1872 ma ba a yarda mata su hau shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa saman dutsen, daga Zango na Takwas zuwa ƙololuwa, ba na gwamnati ba ne, mallakar wani wurin bauta ne na addinin Shinto da ke garin Fujinomiya, wanda ya yi shari'a har kotun ƙoli ta ba shi gaskiya a 1974.

Sai dai wurin da aka ce na tsarki ne, ranar nan ya fi kama da tashar mota ranar jajibirin salla. Kowa waya a sama, kowa na neman gefen da zai tsaya. Kuma a nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 37 suka shiga Japan, adadin da ƙasar ba ta taɓa gani ba kafin nan, kuma kaso mai yawa daga cikinsu hoto guda suke farauta. Da muka ratsa garin Fujikawaguchiko, jagorar ta nuna mana wani ƙaramin kanti a bakin titi, wanda in ka tsaya a tsallake sai ka ga dutsen kamar an ɗora shi a kan rufinsa. Hoton ya bazu a intanet, jama'a suka riƙa cincirindo a gaban wani asibitin haƙori da ke tsallaken, suna tare hanya, suna zubar da shara, suna tsallaka titi ba ka'ida. Da roƙo da alluna suka gaza, a watan Mayun 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labulen raga mai tsawon mita 20 da tsayin mita biyu da rabi domin ta rufe dutsen daga idon masu hoto. Cikin 'yan kwanaki aka huhhuda shi daidai girman idon kyamarar waya. An sauke shi a watan Agusta gabanin wata guguwa, shi ya sa mu ba mu tarar da shi ba. Gari ne da ke cin abinci da wannan dutse, amma sai da ta kai shi ga ɓoye shi. Mutanen cikin motarmu suka yi ta dariya da jin labarin, ni ma na dara, kafin na tuna cewa mu arba'in da ke zaune a ciki ba wasu ba ne illa irin waɗanda aka kafa labulen dominsu.

A saman dutsen ma haka lamarin yake. Lokacin hawa gajere ne, daga farkon Yuli zuwa farkon Satumba, kuma mutum sama da dubu 200 ke hawa a 'yan makonnin nan. A 2024 jihar Yamanashi ta kafa ƙofa a hanyar Yoshida, wadda aka fi bi, ta sa harajin yen 2,000, ta kuma ƙayyade mutum 4,000 a rana, saboda masu hawa cikin dare ba hutu ba shiri, waɗanda sanyi da ƙarancin iska ke kayarwa. A 2025 aka mayar da kuɗin yen 4,000 a dukkan hanyoyi huɗu. A ganina sun yi daidai, ko da yake na san akwai masu cewa an mayar da dutsen Allah na masu kuɗi.

Abincin rana a bakin tafkin Kawaguchi aka yi shi. Abincin yankin wata faffaɗar taliya ce da ake kira hoto, ana dafa ta da kabewa da ganyaye, amma da na tambaya aka ce ta gidan da aka kai mu da naman alade a ciki, sai muka haƙura da gasasshiyar masara da dankali. Muka samu gefe a kan ciyawa muka haɗa Azahar da La'asar, babu wanda ya ko waiwaye mu. A lambun da ke bakin ruwan akwai wasu dunƙulallun tsirrai da kaka ta mayar da su jajaye wur, waɗanda aka ce da su ake yin tsintsiya a da. An shuka su ne domin su zama gaban hoto, dutsen ya zama baya. Ranar nan bayan hoton gajimare ne.

Tafkunan biyar ne: Yamanaka, Kawaguchi, Sai, Shoji da Motosu. Takardar talla ta ambace su duka, amma biyu kawai muka taka, kuma duk mai niyyar irin wannan tafiya ya kamata ya tambayi wannan tun kafin ya biya. Labarin ukun ƙarshe shi ya fi kama hankalina. A shekarar 864 dutsen ya yi wani babban amai, narkakken dutse ya kwararo ya cike mafi yawan wani ƙaton tafki da ke wurin, abin da ya rage ya zama Sai da Shoji. A kan wannan sandararren malale ne kurmin Aokigahara ya tsiro, shi ya sa saiwoyin itatuwansa ke kwance a fili, don ba su da ƙasar da za su nutsa. Har yau ruwan Sai da Shoji da Motosu a tsayi ɗaya yake, kimanin mita 900 daga teku, yana hawa tare yana sauka tare, abin da ke nuna cewa suna haɗe ta ƙarƙashin ƙasa.

Da ta zo kan Motosu, wanda ya fi sauran zurfi da mita 121, sai jagorar ta ce kowa ya duba aljihunsa. Wanda ke da tsohuwar takardar yen 1,000, wadda aka fara maye gurbinta a watan Yulin 2024, zai ga dutsen da inuwarsa a kan wannan tafki a bayanta. Abokina ya juya tasa ya ga fuskar da ke gaba, ya yi kabbara. Likita Noguchi Hideyo ne, wanda ya rasu a Accra a 1928 yana binciken cutar shawara, wanda kuma cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Ghana da ke Legon ke ɗauke da sunansa. Ya ce ya sha wuce ginin nan bai taɓa sanin fuskar mai sunan ba sai yau.

Zangon ƙarshe wani ƙauye ne a bakin tafkin Sai, mai gidajen jinka, wanda zaftarewar ƙasa ta share sakamakon guguwa a 1966, aka sake gina shi daga baya a matsayin gidan tarihi. Mun riga mun cire rai. Wajen ƙarfe huɗu, ina sayen busasshen 'ya'yan itace, sai na ji ihu da harsuna daban-daban. Gajimaren ya yage daga gefe guda, dutsen ya fito, kuma girmansa ya wuce duk yadda na zata, har sai da na ɗaga kai sama fiye da inda nake nemansa tun safe. Amma babu farin rawani. Kansa baƙi ne da ja-ja, tsirara. Jagorar ta ce a al'ada farkon Oktoba ƙanƙara ke sauka a kansa, bana ɗumi ya hana. Na ji wata mata a gefena tana ƙorafi cewa wannan ba shi ne na hoto ba. Ni dai wayata tana aljihu, ba don wata hikima ba, cajinta ne ya ƙare tun a Oshino, don haka tsayawa kawai na yi ina kallo. Bai fi minti goma ba gajimaren ya sake haɗewa, jagorar ta ɗaga tutarta ta fara ƙirga kawuna.

Bayan na dawo gida na ji a rediyo cewa sai ranar 7 ga Nuwamba ofishin hasashen yanayi na Kofu ya tabbatar da saukar ƙanƙarar farko a kan dutsen, jinkirin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara rubuta lissafin a 1894. Na buga wa abokina waya a Kumasi na gaya masa. Ya ce shi ma ya ji, kuma takardar yen ɗin nan bai kashe ta ba, ya kai wa wata ƙanwarsa da ke karatun likita a Accra.