Haɗa kebul da yawa tsakanin suwic biyu: me ke gaskiya, me ke ƙarya?

A ofisoshi da makarantu da shagunan intanet, idan sadarwar cikin gida ta fara nauyi, shawarar da aka fi ji ita ce a ƙara kebul tsakanin suwic da suwic, a ɗaure su su zama layi ɗaya. Dabarar ta daɗe. Kamfanin Kalpana ya fito da ita da sunan EtherChannel kafin Cisco ya saye shi a 1994, hukumar IEEE kuma ta mai da ita ƙa'ida a 2000 da lamba 802.3ad, daga baya aka mayar da ita 802.1AX a 2008. Sai dai maganganun da ake yi a kanta sun cakuɗe, mutane na kashe kuɗi kan abin da ba zai biya musu buƙata ba.

Iƙirari na farko: kebul huɗu masu gigabit ɗaya za su sa fayil ya riƙa tafiya da gigabit huɗu.

Wannan ƙarya ce. Suwic yana duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, na MAC ko na IP, ya yi lissafi, ya ɗora zancen kwamfutocin nan biyu kan kebul ɗaya. Ana yin haka ne don kada bayanai su iso a hargitse, na baya ya riga na gaba. Misali, gidan mai da ke da famfo huɗu yana sallamar motoci huɗu lokaci guda, amma tankin mota ɗaya ba ya cika da sauri fiye da da. Amfanin yana bayyana ne idan masu aiki suna da yawa.

Iƙirari na biyu: idan kebul ɗaya ya yanke, sadarwa ba ta tsayawa.

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne babban alherin dabarar. Sauran kebul suna ɗaukar nauyin wanda ya faɗi. Tsarin LACP, wanda ke ƙulla haɗin yana lura da shi, yana aika saƙon tabbatarwa duk daƙiƙa 1 ko duk daƙiƙa 30, idan aka rasa uku a jere sai a cire layin. Amma idan suwic ɗin kansa ya mutu, duka sun tafi, sai fa in an raba kebul ɗin tsakanin suwic biyu da aka tsara su yi aiki kamar guda.

Iƙirari na uku: a soka kebul kawai, suwic zai gane da kansa.

Ƙarya ce mai haɗari. Idan ba a saita komai ba, tsarin STP, mai hana bayanai yin zagaye, zai toshe kebul na biyu, ya zauna ba aiki. Idan kuma suwic ɗin ba shi da STP, bayanai za su yi ta zagaye ba iyaka har komai ya tsaya cak. Dole a saita ɓangarorin biyu, kafofin su zo daidai a gudu da tsarin VLAN, kuma aƙalla ɓangare ɗaya ya kasance mai fara magana a LACP. Idan kowanne yana jiran ɗan'uwansa, haɗin ba zai ƙullu ba.

Iƙirari na huɗu: nauyi yana rabuwa daidai wa daida.

Ba kullum ba. Suwic ba ya auna wane kebul ya cika. Idan bayanai duka suna bi ta na'ura ɗaya, kuma lissafin na MAC ne kawai, kebul ɗaya zai shaƙe saura suna zaune. Maganinsa a sauya lissafin ya koma kan IP da lambar kafar TCP.

Iƙirari na biyar: haɗin yana ƙara saurin intanet.

Ƙarya ce. Abin da kamfanin intanet ya sayar maka shi ne iyakarka, ko kebul nawa ka jera a cikin gini.

Saboda haka, mai gyara, kafin ka sa mai gida ya sayi kaya, ka fara gano inda cunkoson yake. In jama'a ne suka yi wa layi yawa, haɗa kebul da LACP. In kwamfuta ɗaya ce ke buƙatar gudu, sai a nemi kafa mai gigabit 10.