Alƙahira Ta Wuce Dalar Giza

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wasu neman magani, wasu karatu, wasu saro kaya. In an ɗan samu sarari sai a kama mota zuwa Giza, a hau raƙumi, a ɗauki hoto gaban dala, a biya ta kasuwar Khan Khalili a sayi turare da jallabiya, shi ke nan wai an ga Masar. Alhali abin da ya fi cancantar gani yana nan jikin kasuwar, ba sai an hau mota ba.

Titin Mu'izz nake nufi. Fatimiyyawa ne suka kafa birnin a 969, wannan titi kuma shi ya ratsa tsakiyarsa, daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, tafiyar kusan kilomita ɗaya. Ƙofofin nan na dutse suna tsaye tun ƙarni na 11. A tsakaninsu akwai ginin Sarki Ƙalawun da aka kammala a 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabarinsa da asibitin da ake duba marasa lafiya kyauta daga dukiyar waƙafi. Wanda jinya ta kai shi garin ya kamata ya leƙa ya ga yadda aka kula da majinyata shekara ɗari bakwai da suka wuce.

Kusa da nan Masallacin Azhar yake, inda aka fara salla a 972. Mu ba baƙi ba ne a wurin. An daɗe da ware wa ɗaliban Barno masaukinsu a cikinsa, kuma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Malikiyya a garin, inda alhazansu suka riƙa sauka a hanyar Makka.

Kowane ɗan jagora zai ja ka zuwa ganuwar Salahuddini, wadda aka fara a 1176, don ka ga Masallacin Muhammad Ali da ke samanta. Yana da kyau, kuma daga can ana hango gari, amma kwaikwayon masallatan Istanbul ne. A ganina gwanintar maginan Masar tana ƙasan tudun, a Masallacin Sultan Hasan da aka fara a 1356, inda aka ba kowace mazhaba cikin huɗun nan sashenta na karatu. Sai Masallacin Ibn Tulun na 879, mai faɗin tsakar gida da hasumiyar da matakalarta ke kewaye ta ta waje. Ba shi da cunkoso, mutum zai iya zama ya huta babu mai cusa masa haja.

Game da gidajen tarihi, a lura an sauya wa kaya mazauni. Tsohon gidan da ke dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, yana nan cike, amma a watan Afrilun 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa sabon gida a Fusɗaɗ, kayan Sarki Tutankhamun kuma suna katafaren gidan da aka gina kusa da dala. A ɗakin gawawwakin za ka ji ana nuna Ramsis na Biyu ana cewa shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa (AS). Masana ba su haɗu a kan haka ba, don haka kada a ɗauko zancen ɗan jagora a kawo gida a matsayin hujja. Gidan kayan tarihin Musulunci da ke Babul Khalƙ, wanda bam ya lalata a 2014 aka sake buɗe shi a 2017, baƙi ba su cika zuwa ba, ga shi kuwa cike da tsofaffin mushafai da fitilun masallaci na gilashi.

Da yamma sai gadar Ƙasrun Nil, wadda aka buɗe a 1933, mai zakunan tagulla huɗu, biyu a kowane baki. Nan mutanen gari ke fitowa shan iskar kogi, ba a biyan ko sisi.

Mai niyyar zagayen nan ya fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya sa takalmi mai sauƙin cirewa saboda masallatai, ya riƙe canji don masu tsaron takalma. In kwana ɗaya gare ka, ka ba Titin Mu'izz da Ibn Tulun. Dala ta jira wani zuwan.