Garin Gyaran Gira: Daren da Kwamfutar Gidana ta Ƙi Tashi

Daren wata Juma'a cikin watan Nuwamban 2025, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na tsinci kaina zaune a falo gaban kwamfutar gidana. Allonta ya yi baƙi ƙirin, ba komai a kansa sai wani gajeren layi na Turanci da ke cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. A cikin wannan kwamfuta akwai hirarraki fiye da talatin da na naɗa da tsofaffin marina da masaƙa a Kano da Zariya cikin shekara huɗu, kuma uku daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Akwai babi huɗu na kundin digiri na biyu na uwargidana. Akwai hotunan sunan yaranmu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke da kwafi a wani wuri, kuma ni da hannuna na jefa kwamfutar cikin wannan hali.

Ga yadda aka yi. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wato wadda take fara tashi idan an kunna na'urar, sannan sauran manhajoji su hau kanta. Tawa Windows 10 ce, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, ya kuma daina ba ta kariyar tsaro ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ma'anar haka ba wai za ta daina aiki ba ne. Za ta ci gaba da aiki, amma duk wata sabuwar ɓaraka da masu kutse suka gano a jikinta za ta zauna a buɗe. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: rumbun ajiya mai aƙalla gigabait 64, ram mai gigabait 4, wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma sabon tsarin tashi mai suna UEFI. A ɓangaren injinan Intel, galibi sai waɗanda suka fara daga zubi na takwas, da suka soma shigowa kasuwa a 2017.

Kwamfutata 'yar hannu ce, irin waɗanda ake shigo da su daga Turai, kuma injinta na zubi na takwas ne. Don haka na tabbatar wa kaina cewa ta cancanta, ko da yake ita kanta tana ta nuna mini saƙon cewa akwai sharuɗɗan da ba ta cika ba. Ban tsaya karanta saƙon da kyau ba. Na sayi filashi mai araha a bakin titi, na kai wani shagon kwamfuta aka zuba mini Windows 11 a ciki, na dawo gida ina jin cewa aikin awa ɗaya ne. Na shiga shafin saitin da ke fitowa tun kafin babbar manhaja ta tashi, wanda aka fi sani da BIOS, na sauya abubuwa uku ko huɗu a lokaci guda kamar yadda na gani a wani bidiyo, ban rubuta yadda na same su ba. Manhajar ɗorawa ta tashi lafiya daga filashin. Da muka iso inda ake zaɓar rumbun da za a ɗora ta, sai ta ja ta tsaya, ta ce ba za ta iya hawa wannan rumbu ba domin tsarinsa na MBR ne, ita kuwa GPT take buƙata. Na ce to, a bari ya huce. Na zare filashin, na sake kunna kwamfutar don in koma tsohuwar Windows ɗina. Nan ne allo ya yi baƙi.

Mai karatu, wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba zai yi mamakin yadda hankali yake barin mutum. Na ɗauki waya na shiga intanet, cikin minti biyu na samu amsa, kuma kusan duk inda na leƙa amsar ɗaya ce: ka mayar da filashin, ka danna Shift da F10, ka rubuta diskpart, ka zaɓi rumbun, ka rubuta clean, sannan ka mayar da shi GPT. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Na riga na rubuta kalmar clean, saura in danna madannin shigarwa, sai uwargida ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, ba dai kwamfutar nan kake taɓawa ba? Ka san fa ranar Litinin zan kai wa mai duba aikina babi na huɗu." Na janye hannuna kamar wanda ya taɓa garwashi. Na ce mata, "Hajiya, je ki kwanta, aikinki na nan." Gaskiyar magana ita ce ban san ko yana nan ba.

Sai daga baya na fahimci abin da na kusa aikatawa. A farkon kowane rumbun ajiya akwai wani ɗan jadawali da ke faɗa wa kwamfuta yadda aka rarraba rumbun da inda kowane kaso ya fara da inda ya ƙare. Kamar kundin rajistar ɗakin karatu ne: littattafai suna kan kanta, amma da rajistar ake gano su. MBR shi ne tsohon salon wannan jadawali, tun 1983 ake amfani da shi, manyan kaso huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya iya kula da rumbun da ya wuce terabait biyu. GPT shi ne sabon salo, wanda a Windows yake ɗaukar kaso har 128. Umarnin clean kuwa yaga rajistar yake yi baki ɗaya, ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba. Daga nan kwamfuta za ta ɗauki rumbun a matsayin fili, sabuwar Windows ta zo ta yi gini a kan hirarrakina da kundin uwargida. Waɗanda suka ba da wannan shawara ba ƙarya suka yi ba, domin tana warware matsalar. Sun dai ɗauka cewa mai tambayar ya riga ya kwashe kayansa.

Da gari ya waye na kira wani tsohon ɗalibina da ke sana'ar gyaran kwamfuta. Bai ce in kawo ta ba. Tambaya uku ya yi mini: "Malam, mene ne ainihin abin da saƙon ya ce? Me da me ka sauya kafin ta ƙi tashi? Ka goge wani abu?" Da na amsa ta ukun da a'a, sai na ji ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "To Malam, ba abin da ya same ta. Ƙofa ka sauya mata."

Bayaninsa mai sauƙi ne. Wanda ya sayar mini da kwamfutar ya ɗora mata Windows 10 ne bisa tsohon tsarin tashi, wanda ke tafiya da MBR. Da na mayar da saitin zuwa UEFI, sai na'urar ta shiga neman Windows ta sabuwar ƙofa, alhali ita tana tsaye a bayan tsohuwar. Ya sa na koma BIOS, na kashe Secure Boot, domin muddin yana kunne ba za a bari ka zaɓi tsohon tsarin ba, sannan na mayar da tsarin tashi yadda yake a da. Na sake kunnawa. Tsohuwar Windows ta tashi, fayilolina suna nan ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na yi hamdala, na ce bari in ci gaba daga inda na tsaya. Ya ce, "A'a Malam, yau ba ɗora manhaja za ka yi ba. Yau ranar kwasar kaya ce."

Haka kuwa aka yi. Na sayo rumbun ajiya na waje, na kwashe komai a ciki, na buɗe wasu daga cikin hirarrakin daga can na saurara don in tabbatar kwafin yana aiki. Kundin uwargida kuma muka tura shi ta imel ɗinta da nawa. Ya ƙara mini da cewa ko da Windows ta lalace gaba ɗaya ta ƙi tashi, ana iya tayar da kwamfuta daga filashi mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint ba tare da an ɗora su ba, a buɗe rumbun a kwashe fayiloli, matuƙar rumbun da ransa kuma ba a kulle yake ba. Mutane da yawa suna amincewa da a yi musu fomatin ne saboda ba su san da wannan hanya ba.

Bayan kaya sun tsira, sai muka koma kan asalin matsalar. Ashe tun 2017 akwai wata ƙaramar manhaja a cikin Windows 10 mai suna mbr2gpt, wadda aikinta shi ne mayar da rumbu daga MBR zuwa GPT ba tare da goge komai ba. Tana fara duba rumbun ta ga ko ya cika sharuɗɗa, ciki har da kada manyan kasonsa su wuce uku, sannan ta yi sauyin. Cikin 'yan mintuna ta gama. A wannan karon ne ya dace a koma BIOS a zaɓi UEFI, a kunna Secure Boot, a tabbatar TPM yana kunne, wanda a injinan Intel sau da yawa da sunan PTT yake zuwa. Duk sauyi ɗaya sai na sake kunna kwamfutar na ga ta tashi, na rubuta a takarda, kafin in taɓa na gaba.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Na buɗe filashin daga cikin Windows 10 na fara ɗora sabuwar a kan tsohuwar, domin manhajojina su zauna yadda suke. Aiki ya yi nisa, kwamfuta ta sake tashi da kanta, sai kuma ta fasa ta dawo da ni Windows 10, ta bar mini lamba: 0x8007025D. A daren Juma'a da na ga irin wannan da na sake rikicewa. Wannan karon na kwafe lambar baƙi da baƙi na nemi ma'anarta a shafin Microsoft. Bayanin ya nuna abu biyu: ko dai fayilolin da ake ɗorawa sun lalace, ko kuma akwai matsala a ram ko ma'ajiyar da ake karantowa daga gare ta. Na gwada ram da manhajar gwajin da ke cikin Windows, ta ce lafiya lau. Saura filashi. Na gwada shi da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filashi da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai. Filashin da aka rubuta wa gigabait 32 a jiki, daga ya wuce kusan huɗu duk abin da aka zuba masa a lalace yake dawowa. Jabu ne. Windows 11 kuwa ta haura gigabait biyar. Araha ba ta ado.

Na sayi filashi na gaske, na sauke Windows 11 da kaina daga shafin kamfanin da tsakar dare lokacin da data ke da sauƙi, na gwada lambar tantancewar fayil ɗin da wadda suka wallafa, suka zo daidai. Batirin kwamfutar ya daɗe da rauni, don haka ban yarda na dogara da wutar gari ba, janareta na tayar, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya barin kwamfuta ba tsohuwa ba sabuwa. Cikin awa ɗaya da 'yan mintuna Windows 11 ta hau. Uwargida ta kai babinta ranar Litinin.

Ba kowace kwamfuta ce za ta samu wannan ƙarshe ba. Da yawa daga cikin 'yan hannun da ɗalibanmu ke amfani da su sun girmi zubi na takwas, kuma babu saitin da zai sauya wannan. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, amma kamfanin ya bayyana cewa ba ya lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa. A 2025 an buɗe shirin ƙarin kariya na shekara guda ga Windows 10, akwai kuma Linux Mint da Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya da kyau a kan tsofaffin na'urori. Wanda kuma rumbunsa ke kulle da BitLocker, ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ya rubuta a takarda kafin ya taɓa BIOS, domin sauya saiti kaɗai kan sa kwamfuta ta nemi mabuɗin.

Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai a ajin dabarun bincike cewa su karanta hujja kafin su yanke hukunci, kada kuma su sauya abu biyu a lokaci guda su ce sun san wanda ya yi tasiri. A daren nan na karya duka biyun a falona. Sau biyu ɗora manhajar ya gaza, kuma duka biyun bai taɓa mini fayil ko ɗaya ba. Abin da ya kusa cinye muryoyin dattawan nan uku shi ne yatsana da gaggawata.

Saboda haka, ɗalibin da ke da kundinsa a kwamfuta ɗaya tilo, da malamin da ke da sakamakon jarrabawa a cikin tasa, ina roƙonku ku yi kwafi yau, tun tana tashi lafiya. Ranar da ta ƙi tashi kuma, ku ɗauki hoton saƙon da ta nuna, ku tuna abin da kuka taɓa na ƙarshe, kada ku yarda da kalmar fomatin daga bakin kowa sai kun ga fayilolinku sun buɗe a wani wuri. Hirarrakina yanzu suna wuri uku: a kwamfutar, a rumbun waje da ke ofishina, da kuma ma'ajiyar intanet. In kunne ya ji, jiki ya tsira.